Kundin Takardun Jinina: Allurar Testosteron da Gwajin Tayirod

Litinin, 14 ga Oktoba, 2024

Takardun gwaji sun fara yawa a aljihun mota, wata ma baƙin mai ya taɓa ta, don haka daga yau kowane sakamako zai shiga wannan kundi da kwanan watansa.

Ga inda aka kwana. Tun watan Yuli nake karɓar allurar Sustanon 250, wato allurar testosteron, sinadarin maza, duk bayan mako uku. Kafin a fara sai da aka auna testosteron ɗina a ranaku biyu daban, duka da sassafe ban karya ba, ya nuna 6.9 sannan 7.4 nmol/L, alhali iyakar da yawancin likitoci ke kallo tana wajen 10. LH, wato saƙon da ƙwaƙwalwa ke aika wa 'ya'yan maraina, ya yi sama sosai. Likita ya ce wannan yana nuna sama tana kira, ƙasa ce ba ta amsawa, kuma yana zargin hangum ɗin da na kama a hannun yara shekarun baya, wanda ya sauka ƙasa ya kwantar da ni. Ya kuma gaya mini baki da baki cewa allurar tana danne ƙwayoyin haihuwa. Ni da uwargida muka tattauna, muka ce waɗanda Allah ya ba mu Allah ya raya su.

Abin da ya sa na buɗe kundin shi ne takardar jiya. Sha'awa ta dawo, ƙarfin safiya ya dawo, amma da an yi azahar sai barci ya riƙa fizgata a shago. Na je wani ɗakin gwaji na kuɗi na ce a duba mini tayirod, halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta muke kira maƙoƙo. T4 jimla, wato dukan sinadarin tayirod mai suna T4 da ke jini, ya ba da 52 nmol/L, ma'auninsu 60 zuwa 150, sun buga masa harafin L, alamar ya yi ƙasa, da baƙin rubutu mai kauri. TSH, sinadarin da ke umurtar tayirod ya yi aiki, 2.6, yana tsakiyar ma'auni, 0.4 zuwa 4.0. A takardar Yuli, kafin allura, T4 jimla 78 ne, TSH 2.3.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Mai kemis ɗin layinmu ya kalli takardar bai fi ƙiftawar ido ba ya ce, "Alhaji, tayirod ɗinka ya yi sanyi, ka fara lebotayiroksin hamsin." Har ya miƙa hannu kan kanta zai ɗauko ƙwayar, wadda ake ba wanda tayirod ɗinsa ya gaza. Mutumin kirki ne, amma harafin L kaɗai ya gani, layin TSH da ke samansa bai ko kalla ba. Na ce masa sai na ga likita.

Laraba, 23 ga Oktoba

Yau na fahimci abin, kuma zan rubuta shi da tsawo don kada ya kuɓuce mini.

Likita ya jera takardar Yuli da ta Oktoba a kan tebur, ya sa biro ya kewaye TSH biyun, 2.3 da 2.6. Ya ce, "Malam, da tayirod ɗinka ya gaza, wannan ne zai fara ihu." TSH ba daga wuya yake fitowa ba, daga fituwitari yake, ɗan ƙullun da ke ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Shi ne ke umurtar tayirod ya yi aiki. In sinadarin tayirod ya ragu a jiki, TSH sai ya hau. In ya yi yawa, sai ya faɗi. Ƙaramin canji a sinadarin kan jawo babban canji a TSH, shi ya sa da shi ake fara bincike.

To me ya sauke T4 jimla daga 78 zuwa 52? Sinadarin T4 ba ya yawo shi kaɗai a jini. Fiye da kashi 99 cikin ɗari a manne yake da wasu furotin masu ɗaukarsa, babbansu TBG wanda hanta ke ƙerawa, shi kaɗai yana ɗauke da kusan kashi uku cikin huɗu. Wanda yake a sake, wanda shi ne ke shiga tsoka da zuciya da ƙwaƙwalwa ya yi aiki, bai wuce kashi 0.03 cikin ɗari ba. Testosteron yana rage yawan TBG. Da mai ɗauka ya ragu, abin da yake ɗauke da shi ya ragu, jimla sai ta sauka. Amma jiki ba jimla yake kallo ba, sakakken yake kallo, kuma tayirod mai lafiya yana daidaita shi da kansa.

Ni mai sayar da kayan gini ne, sai na ɗauke shi haka: an ba ni ƙaramin sito maimakon babba, buhunan siminti da ke ajiye sun ragu, amma waɗanda ke bakin shago ana sayarwa kullum suna nan yadda suke. Mai binciken da ya ƙirga sito kawai zai ce na karye.

Likita ya ce mata masu ciki da masu shan ƙwayar tsarin iyali mai estirojin, wato sinadarin mata, akasin haka ke faruwa da su: TBG ya hau, T4 jimla ya hau, a yi zaton tayirod ya haukace alhali lafiya lau. Ya ce bayanin yadda testosteron ke rage TBG yana cikin doguwar takardar da ake naɗewa a kwalin magungunan testosteron, wadda kowa ke jefarwa.

Ya rubuta mini FT4, wato T4 sakakke, tare da maimaita TSH. Ra'ayina a nan: ɗakin gwajin da ya san akwai FT4 amma ya ba mutum jimla kaɗai don ya fi arha, ba tare da ya tambaye shi maganin da yake sha ba, bai taimake shi ba.

Laraba, 30 ga Oktoba

FT4 14.8 pmol/L, ma'auni 12 zuwa 22. TSH 2.7. Tayirod ba shi da laifi.

Wani abu da ya kamata a kula: wasu ɗakunan gwaji a garin nan suna rubuta FT4 da ng/dL, sai mutum ya ga 1.15 ya kwatanta da 14.8 na wani wuri hankalinsa ya tashi. Abu ɗaya ne, ana ninka na ng/dL da 12.87 ne a samu pmol/L. Ma'aunin ma yana bambanta daga na'ura zuwa na'ura. Mun yanke shawara da likita: wuri ɗaya zan riƙa yi, da safe, domin TSH ba tsaye yake ba a yini, yana hawa cikin dare ya sauka da rana.

Talata, 19 ga Nuwamba

Gajiyar azahar tana nan, sai muka juya wani ɓangaren. PCV ɗina, wato kaurin jini, ya tashi daga 44 a Yuli zuwa 51. Testosteron yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, kuma ƙa'idar ita ce in ya wuce 54 a dakatar ko a rage. Likita ya tambaya ko ina minshari. Na ce kaɗan. Uwargida da ta raka ni ta ce, "Likita, kada ka biye wa Alhaji. Har numfashinsa yana tsayawa, sai na taɓa shi." Ya yi dariya ya ce shaidar da yake nema ke nan. Tsayawar numfashi cikin barci tana kawo barcin rana, tana ƙara kaurin jini, kuma testosteron na iya tsananta ta.

An rage yawan allurar. An ce in rage tumbi, in daina tuwon dare mai nauyi, in kwanta ta gefe. Na lura kuma gajiyar ta fi tsanani a makon ƙarshe kafin allura ta gaba, lokacin da maganin ya kusa ƙarewa a jiki.

Lahadi, 15 ga Disamba

Wannan ba takardata ba ce, amma ta shiga kundin don ta nuna mini ɗaya fuskar maganar.

Aminina, maƙwabcin shagona a Tudun Wada, an yi masa aikin maƙoƙo a asibitin Shika da ke Zariya shekaru da dama, aka cire tayirod ɗin gaba ɗaya. Tun lokacin yake shan lebotayiroksin mai ƙarfin 125 mcg kullum, lafiya lau. Ashe da ya ga na ɗan murmure sai ya samu wani yaro mai ɗaga ƙarfe ya riƙa kawo masa allurar testosteron, babu gwaji babu likita. Ranar Juma'a bayan masallaci muna zaune, ana hazo, kowa da rigar sanyi, shi kuwa gumi yake yi, kofin shayi na rawa a hannunsa har yana zuba a kan babbar riga. Ya ce zuciyarsa tana bugawa kamar za ta fito, ba ya barci, wandonsa ya yi masa yawa. Na ce, "Alhaji, don Allah me kake sha?" Da ƙyar ya faɗa.

Jiya na kai shi. TSH ɗinsa 0.05, FT4 ya haura ma'auni.

Bambancinmu a fili yake. Ni da TBG ya ragu, tayirod ɗina ya ɗan sassauta aiki, komai ya daidaita. Shi ba shi da abin da zai sassauta. Ƙwayar nan mai ƙarfin 125 tana shiga kullum ko jiki na so ko ba ya so, masu ɗaukar ta sun ragu, sai sakakken ya taru. Likita ya ce ba sabon abu ba ne: a 1994 an wallafa wani bincike a Amurka kan mata masu shan lebotayiroksin da aka ba su maganin sinadarin maza saboda sankarar mama, aka ga buƙatarsu ta maganin tayirod ta ragu har sai da aka rage musu. Ba kowa abin ke kamawa haka ba, amma duk mai shan lebotayiroksin da zai fara testosteron, ana auna TSH ɗinsa bayan mako shida zuwa takwas. Ba a yin gaggawar aunawa kafin nan, domin T4 yana ɗaukar kusan mako guda kafin rabinsa ya bar jini, TSH kuma yana biyo baya a hankali.

Kafin ya yarda da takardar sai da likita ya tambaye shi ko yana shan ƙwayar gyaran gashi ko gemu, ko bitamin mai bayotin da yawa. A wasu na'urorin bayotin yana sa TSH ya fito ƙasa, FT4 ya fito sama, na ƙarya, har testosteron ma yana iya fitowa sama da gaskiyarsa. Ana barin sa aƙalla kwana biyu kafin a ɗebi jini. Alhaji ba ya sha, kuma jikinsa ma ya riga ya ba da shaida. An tsayar da allurar, an yi masa gwajin bugun zuciya, domin yawan sinadarin tayirod yana hargitsa bugun zuciya kuma yana cin ƙashi.

Alhamis, 23 ga Janairu, 2025

Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ni makon jiya. Lokacin gwajin PCV ya zo daidai da tashina, sai aka haɗa da tayirod tunda jini ɗaya za a ɗiba. PCV 48, alhamdulillahi. FT4 13.1. TSH 6.1.

Na je da maganata a shirye, cewa ai allurar ce. Likita ya girgiza kai. Ya ce, "Malam, testosteron ya ba mu bayanin T4 jimla, iyakarsa ke nan. Ba ya ɗaga TSH zuwa shida. Kada mu ɗora masa abin da bai ɗauka ba." Abin da ya fi zato shi ne ciwon da na tashi daga shi. Lokacin rashin lafiya mai tsanani T3, ɗayan sinadarin tayirod, yakan sauka, TSH ma yakan ɗan sauka, sannan a lokacin farfaɗowa ya yi tsalle sama na ɗan lokaci. Saboda haka TSH guda da aka auna a bakin zazzaɓi ba a gina hukunci a kansa. A jira wata biyu zuwa uku a sake.

Ya sake duba LH ɗina na Yuli kafin in fita. Na tambayi dalili. Ya ce akwai mazan da ƙarancin testosteron ɗinsu daga fituwitari yake, LH ɗinsu ƙasa, kuma su TSH ba abin dogaro ba ne ko kaɗan: yana iya fitowa daidai alhali FT4 yana ƙasa, saboda mai ba da umurnin ne ya gaza. Irin su ana auna furolaktin, sinadarin da ke kawo ruwan nono, da kotisol, sinadarin da ke taimaka wa jiki ya jure wahala, a ɗauki hoton kai, kuma in kotisol ya yi ƙasa shi ake fara gyarawa kafin a taɓa tayirod, in ba haka ba mutum na iya faɗuwa. Nawa LH sama yake tun farko, don haka TSH ɗina ana iya yarda da shi.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Azumi ya ƙarato. Mun ɗage maimaita gwajin zuwa bayan Sallah, tunda barci da cin abinci duk za su juye. Malamin masallacinmu ya ce allurar tsoka da ba ta abinci ba ba ta karya azumi, amma na shirya da nas ɗin ta riƙa yi mini bayan an sha ruwa, hankalina ya fi kwanciya.

Aikin yana wajen Alhaji aminina. Lebotayiroksin yana son ciki wayam, rabin awa zuwa awa guda kafin abinci, kuma a raba shi da maganin ƙarin jini da na kalsiyam da awa huɗu. Shi kuwa mutumin fura da nono ne a sahur. An ba shi zaɓi: ko ya tashi da wuri ya sha kafin sahur, ko ya sha lokacin kwanciya in ya yi awa uku bai ci komai ba. Ya zaɓi na farko, ya ce Hajiya ce za ta tashe shi. TSH ɗinsa ya dawo 1.4 bayan barin allurar, a kan 125 ɗinsa na da. Da aka auna testosteron ɗinsa yadda ya kamata, ashe tun farko ba ya buƙata.

Talata, 15 ga Afrilu

Lafiyata ƙalau, babu zazzaɓi, an ɗebi jini ƙarfe takwas a wurin da na saba. TSH 5.2, FT4 13.6.

Ya sauka daga 6.1 amma bai koma gida ba. Yanzu sau biyu ke nan sama da ma'auni, da tazarar kusan wata uku, don haka ba za a ce zazzaɓi ba ne kaɗai. Wannan yanayin, TSH sama FT4 daidai, shi ne matakin da tayirod ya fara ja da baya amma yana cika aikinsa saboda ana matsa masa.

Na yi tambayar da ta daɗe tana cina: ko dama tayirod ne ya kashe mini testosteron tun farko, aka sa ni allura a banza? Tambayar tana da tushe. Tayirod mai rauni yana rage SHBG, furotin ɗin da ke ɗaukar testosteron, sai jimlar testosteron ta fito ƙasa. Yana kuma iya ɗaga furolaktin, wanda ke danne sinadarin maza. Akwai mazan da in an gyara musu tayirod testosteron ɗinsu ke dawowa ba tare da allura ba, shi ya sa likitan kirki ke auna TSH kafin ya fara. Nawa an auna, 2.3, kuma LH sama yake. Takardar Yulin nan da na kusa bari ta lalace a mota ita ce ta raba gardama. Duk wanda za a sa wa allurar nan, ya nemi a yi masa TSH da FT4 kafin ta farko, ya kuma adana takardar.

An ɗebi jini don anti-TPO, gwajin da ke nuna ko garkuwar jiki tana taɓa tayirod. Sun ce sai an tura shi wani gari, a ba su mako biyu.

Alhamis, 8 ga Mayu

Anti-TPO 140 IU/mL, ma'auninsu ƙasa da 34. Ma'ana garkuwar jikina tana taɓa tayirod, ciwon da ake kira Hashimoto, sunan likitan Japan da ya bayyana shi a 1912. Ya fi kama mata, amma maza ba su tsira ba, kuma yana bin dangi. Na tuna gwaggona da ƙanwata duk suna da matsalar wuya.

Da na faɗa a gida, surukata ta ce, "Ɗan nan, gishiri ne ba ka ci." Ba laifinta ba ne, a zamaninsu maƙoƙo na rashin ayodin ne, kuma tun 1993 da aka wajabta sa ayodin a gishiri a Najeriya irin wannan ya ragu ƙwarai. Nawa ba shi ba ne. Likita ya ja kunnena kada in sayi ƙwayoyin ayodin ko na ciyawar teku da ake tallatawa, domin ga mai Hashimoto yawan ayodin yana iya ƙara dagula abin.

Hukuncinsa: ba za a fara lebotayiroksin yanzu ba. TSH bai kai 10 ba, FT4 daidai yake, wuyana babu kumburi da ya taɓa, kuma gajiyar azahar ta ragu sosai tun da na sauke kilo shida, minsharin ma uwargida ta ce ya yi sauƙi. Gaskiya raina ya so a ba ni ƙwayar a wuce wurin, jira ba daɗi. Amma na ga abin da yawanta ya yi wa Alhaji a Disamba, kuma ƙwaya ce da in an fara galibi ba a bari. Ya ce in TSH ya ci gaba da hawa, ko FT4 ya sauka ƙasa da ma'auni, ko alamomi suka bayyana, irin jin sanyi, bushewar fata, taurin bayan gida, kumburin fuska, za a fara da kaɗan, a lissafa da cewa ina kan testosteron, a auna bayan mako shida zuwa takwas.

Na ja sabon layi a bayan kundin, T4 jimla na cire shi daga jerin gaba ɗaya tunda ba ya gaya mana komai muddin ina kan allura. Gwaji na gaba farkon Agusta: TSH, FT4, PCV, PSA (gwajin furostet, ƙullun maza da ke ƙarƙashin mafitsara), kitsen jini, da testosteron ana gobe allura. In damina ta kawo zazzaɓi kafin nan, a ɗage na tayirod da mako shida.